Rubutun Kano a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Haɗa Manhajar Ɗab'i Tun Daga Tushe

A layin 'yan littattafai na Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, akwai littattafan da kan ɗaure wa baƙo kai. Sai ya ɗauki Ishiriniya ko Ahalari ko Iziyya, ya ga takarda ta maɗaba'a ce, tawada ta inji ce, kwafi ɗari duk kamarsu ɗaya, amma rubutun na hannu ne, har da ɗan karkacewar alƙalami. Dabara ce da masu ɗab'i na Kano suka daɗe da samowa tun wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Marubuci zai zauna ya rubuta littafin kaf da hannunsa, a ɗauki hoton kowane shafi, a mayar da shi kan faranti, inji ya buga dubbai.

Dalilin bai wuce ido ba. Wanda ya tashi da allo a tsangaya ya saba da rubutu mai kauri na ruwayar Warshu, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama, nun kuma kan zo ba ɗigo a ƙarshen kalma. Haruffan dalma da ake zubawa don kasuwar Masar da Labanan ba haka suke ba. Shi ya sa hannun gwanaye irin su marigayi Sharif Bala na unguwar Gabari ya zama tamkar injin jera haruffa na birnin: Alƙur'anan da ya rubuta, aka buga ta wannan hanya, sun shiga makarantun allo a faɗin Arewa da ƙetarenta. Masanin nan ɗan Italiya, Andrea Brigaglia, ya yi nazarin yaɗuwar wannan salon rubutu na Kanawa a wata maƙala da ya wallafa a 2011.

Boko ma bai tsira ba. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ sun zauna a ƙa'idar rubutu tun shekarun 1930, zamanin Rupert East da Abubakar Imam a Zariya, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Amma da littattafan adabin kasuwar Kano suka ɓarke daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta sun riƙa kai rubutunsu shagunan buga takardu, inda tafireta da kwamfutocin lokacin ba su san ƙugiya ba. Wani ya bi da biro yana lanƙwasa kan kowane harafi, wani ya liƙa waƙafi a gefe, wani ya bar su haka nan, mai karatu ya cike da hankalinsa. Har gobe ana ganin wannan a allunan shaguna da katunan ɗaurin aure.

Irin wannan takaici ne ya haifi manhajar jera haruffa da masana lissafi suka fi dogara da ita a duniya. A 1977, Farfesa Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya karɓi shafukan gwaji na sabon bugun juzu'i na biyu na littafinsa, The Art of Computer Programming. Bugun farko an yi shi da haruffan dalma, wannan kuwa da sabuwar na'ura mai aiki da hoto, kuma munin shafukan ya dame shi ƙwarai. Ya ƙudurta zai rubuta tasa manhajar cikin 'yan watanni. Aikin ya ci kusan shekara goma. Ya raɗa mata suna TeX, ya kuma yi abin da kamfanoni ba su saba yi ba: ya saki rubutun tushenta ga kowa, har yana ba da ladan kuɗi ga duk wanda ya gano masa kuskure. A 1990 ya daina ƙara mata sabon abu, sai gyara kawai, kuma kowane gyara kan ƙara lamba ɗaya a jerin lambobin pi. Sigar da ya fitar a 2021 ita ce 3.141592653.

Mene ne rubutun tushe? Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai wadda ɗan Adam ya rubuta, layi bayan layi, cikin harshen da wani masani zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma wadda na'ura ke aiki da ita, tsabar sifili da ɗaya, wadda ba mai iya karantawa cikin sauƙi. Yawancin manhajojin da ake aiki da su a maɗaba'u, irin su CorelDRAW da InDesign da Word, fuska ta biyu kaɗai ake bai wa mai saye. Bambancin kamar na mai sayen riga ɗinkakkiya ne da wanda ya yanko yadi a Kantin Kwari ya kai wa tela: na biyun sai an gwada shi, an yanka, an ɗinka, sannan a miƙa masa, amma in hannu ya yi tsawo ya san inda za a farke.

Matakin farko na haɗa manhaja daga tushe shi ne awo, kuma umarnin da ke yin sa sunansa configure. Mutum zai sauko da tushen TeX Live, wato babban kundin da ƙungiyoyin masu amfani da TeX ke fitarwa kusan kowace shekara tun 1996, ya buɗe baƙar tagar nan ta rubuta umarni a kwamfuta mai Linux, ya sa shi aiki. Daga nan sai tambayoyi su yi ta zuba a fuskar na'ura, ɗaruruwa, ita ke tambaya ita ke amsawa. Akwai manhajar da ke fassara harshen C zuwa harshen na'ura? Wace siga ce? Ta C++ fa? An girka fontconfig, wadda ke nemo samfuran haruffa a cikin kwamfuta? A nan ne mai haɗawa ke faɗin abin da yake so. Da --prefix yake nuna inda za a ajiye kayan in an gama. Da --disable-all-pkgs da --enable-xetex yake cewa a bar sauran tarkace, a haɗa masa injin da yake buƙata kaɗai.

Akasarin masu koyo a wannan mataki suke karaya. Awo ya tsaya, na'ura ta ce ba ta ga fontconfig ba, alhali mutum ya tabbata tana nan. Abin da ke faruwa shi ne, a Ubuntu da Debian ana raba irin waɗannan kaya gida biyu: wanda ake aiki da shi kullum, da wanda masu haɗa manhaja ke buƙata, mai ɗauke da -dev a ƙarshen sunansa. Na biyun ne babu. Duk abin da awon ya gwada, da inda ya ci tura, yana nan rubuce a fayil mai suna config.log, kuma wanda ya koyi karanta shi da haƙuri ya gama rabin aikin.

Sai mataki na biyu, make, manhajar da Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976. Ita ce ke bin jerin ayyuka tana kiran mai fassara a kan kowane fayil. A wajen TeX tafiyar tana da zango-zango masu ban sha'awa. Knuth ya rubuta ta ne da wani tsari nasa mai suna WEB, inda bayani da umarni suke cakuɗe a fayil guda. Wata ƙaramar manhaja, tangle, ita ke tsamo umarnin ta fitar da shi a harshen Pascal. Wata kuma, web2c, ta juya Pascal ɗin zuwa C. Sannan GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, ta mayar da C harshen na'ura. Ba a taɓa ainihin fayil ɗin Knuth. Duk mai gyara a gefe yake rubuta nasa, a fayil na canji, a haɗe su lokacin fassara. Wanda kuma ya sauya halin manhajar dole ya sake mata suna, abin da ya sa ake da pdfTeX da XeTeX da LuaTeX.

Akwai wata ɗabi'ar make da ta dace da garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Tana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, don haka in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ba sai an koma farko ba. In wuta ta dawo aka sake kiranta, yawanci sai ta tsallake abin da ta kammala ta ɗora daga inda ta tsaya, sai dai in yankewar ta bar wani fayil rabi da rabi, wanda sai an goge shi tukuna. Nauyin da ya fi wannan shi ne na data, domin cikakken TeX Live gigabayit da yawa ne. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ɗaya ya sauko da shi, sauran su kwafa a filashi, kuma lasisinsa ya halatta hakan.

Mataki na uku, make install, kwashe kayan ne zuwa mazauninsu. Sai dai injin kaɗai ba ya buga ko shafi ɗaya. Yana buƙatar rumbun texmf, inda samfuran haruffa da dubban fayilolin tsari suke, har da LaTeX da Leslie Lamport ya gina a kan TeX a farkon shekarun 1980. Sai a sa mktexlsr ta yi wa rumbun fihirisa, fmtutil ta tanadi fayilolin da injin ke lodawa in ya tashi, a kuma nuna wa kwamfuta hanyar da za ta bi ta sami sabon injin.

Gaskiyar magana, wanda burinsa kawai ya buga littafi ba ya buƙatar wannan wahala. TeX Live na zuwa da injunan da aka riga aka haɗa don Windows da Mac da Linux, kuma su ya kamata ɗalibi mai rubuta kundin digiri ya girka. Haɗawa daga tushe na wanda yake son ya gyara ne, ko ya gwada gyaran da bai fito ba tukuna. A nan ne maganar ta shafi Kano kai tsaye, domin duk ci gaban da Hausa ta samu a wannan fage, wani ne ya buɗe tushe ya sa hannu.

TeX ta asali ba ta ɗaukar fiye da harafi 256 a samfuri guda, kuma babu masu ƙugiya a cikinsu. Wani Bajamushe, Jörg Knappen, shi ya zana samfuran fc a farkon shekarun 1990 don harsunan Afirka, da ƙ da ɗ da ɓ a ciki. Klaus Lagally na Jami'ar Stuttgart ya samar da ArabTeX don rubutun Larabci. A 2004 Jonathan Kew ya fitar da XeTeX, wadda ke karɓar haruffan Unicode kai tsaye, ta kuma iya rubutu daga dama zuwa hagu. Daga baya aka haɗa ta da HarfBuzz, manhajar da Behdad Esfahbod ɗan asalin Iran ya jagoranci ginawa, wadda ke zaɓar surar da harafin Larabci zai ɗauka a farko ko tsakiya ko ƙarshen kalma, da inda wasali zai zauna. A 2016 Unicode ta ba haruffan fa da ƙaf da nun na salon Afirka lambobinsu na kansu, a 2020 kuma ta ƙara wasu haruffan da Ajamin Hausa ke amfani da su.

Sai a 2017 rubutun Kano kansa ya sami samfurin kwamfuta da kowa zai iya ɗauka kyauta. Sunansa Alkalami, Becca Hirsbrunner Spalinger ce ta zana shi bisa rubuce-rubucen hannu na wannan yanki, ƙungiyar SIL ta fitar da shi. Wannan ƙungiya ta Kiristoci ce masu nazarin harsuna, hedikwatarta na Dallas a Amurka, kuma a ƙarƙashinta Kew ya rubuta XeTeX. Ita ce kuma ta fitar da Harmattan don ruwayar Warshu, da Ruwudu mai bin salon da ake rubutawa a Nijar. Aiki ne mai kyau, ya cancanci yabo. Amma abin a tsaya a yi tunani ne, a ce birnin da ya yaye marubuta irin Sharif Bala, birnin da kamfanin Triumph ya riƙa buga jaridar Alfijir da Ajami a cikinsa, sai daga wata nahiya aka zana masa hannunsa. Tushen Alkalami a buɗe yake a GitHub, kuma lasisinsa ya yarda a gyara a rarraba. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, kallo ɗaya zai yi wa shafin da aka buga da shi ya nuna inda gindin harafi ya yi siriri, ko inda ɗigon imala ya kauce. Abin da ya rage shi ne matashin da zai zauna kusa da shi da kwamfuta, ya gyara zanen, ya sake haɗawa, ya buga shafin, su sake dubawa tare.

A ɓangaren boko ma akwai aikin da ke jira. Fifikon TeX a kan sauran manhajoji shi ne ba layi-layi take yanka rubutu ba. Sakin layi gaba ɗaya take aunawa, bisa hanyar da Knuth da ɗalibinsa Michael Plass suka wallafa a 1981, ta zaɓi yankan da zai sa tazarar kalmomi ta daidaita daga sama har ƙasa. Don yin haka sai ta san inda ya halatta a raba kalma a ƙarshen layi. In ba a ba ta wata ƙa'ida ba, ta Ingilishin Amurka take bi, wadda ba ruwanta da cewa ts da sh da ƙw da gy ba sa rabuwa a Hausa. Frank Liang, wani ɗalibin Knuth, ya kammala digirinsa na uku a 1983 a kan wannan matsala, ya kuma bar manhajar patgen, wadda ake ba ta jerin kalmomin da aka raba gaɓa-gaɓa da hannu, ita kuma ta fitar da ƙa'idojin da TeX za ta bi. Gaɓar Hausa ba ta da wuyar sha'ani kamar ta Ingilishi ko Jamusanci, kalmomin kuma an riga an tara su: ga ƙamusun Bargery na 1934, ga Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Ɗaliban Sashen Harsunan Nijeriya na jami'ar su raba gaɓoɓin, na Kimiyyar Kwamfuta su sa patgen aiki, a sake haɗa fayilolin tsari da fmtutil, sannan a gwada sakamakon a kan cikakken littafi, shafi bayan shafi, kafin a aika wa masu kula da TeX Live.