FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa ƙarfin ƙungiyoyin ma'aikatan walwala a Amurka ya rataya a wuyan mambobinsu

A ranar 4 ga Janairun 1965, ana tsakiyar hunturu, ma'aikata kimanin 8,000 na Sashen Walwalar Jama'a na birnin Niyok suka ƙaurace wa ofisoshinsu. Dokar jihar ta wancan lokaci, wadda ake kira Condon-Wadlin, ba ta da kwana-kwana: duk ma'aikacin gwamnatin da ya shiga yajin aiki ya sallami kansa. Hukumar birnin, ƙarƙashin Magajin Gari Robert Wagner, ta yi aiki da dokar, ta kori fiye da mutum 5,000. Kotu kuma ta aika da jagorori 19 gidan yari saboda bijire wa umarninta. Duk da haka yajin bai karye ba sai da ya cika kwana 28, kuma waɗanda aka kora sun koma bakin aikinsu.

Abin lura shi ne, yajin ya ci gaba har a kwanakin da shugabanni ke tsare. Wannan ya nuna cewa ba daga ofishin shugaba kaɗai ƙarfin ƙungiyar ke fitowa ba. Shekaru sittin bayan haka, wannan batu ya sake zama na rai da mutuwa ga ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati a Amurka, tun da Kotun Ƙolin ƙasar ta hana tilasta wa kowane ma'aikacin gwamnati biyan ƙungiya ko sisin kwabo.

Mene ne reshe, kuma yaya yake aiki?

Ƙungiyoyin ƙwadago a Amurka hawa-hawa ne. A sama akwai uwar ƙungiya ta ƙasa, kamar AFSCME, wadda ta tattara ma'aikatan jihohi da gundumomi da birane, ko SEIU ta ma'aikatan hidima. A ƙasa kuwa akwai rassa, kowanne da lambarsa. Reshe na 371 a Niyok, da Reshe na 509 a jihar Masachusets, da Reshe na 721 a kudancin Kalifoniya, duk suna wakiltar ma'aikatan walwala, wato masu bin kadin yaran da ake cin zarafinsu, da masu tantance iyalan da suka cancanci tallafi, da masu kula da marasa matsuguni da tsofaffi da masu naƙasa.

Waɗannan rassa sun bambanta da ƙungiyar ƙwararru ta NASW da aka kafa a 1955. Ita NASW aikinta tsara ladubban sana'a da ɗaga martabarta, ba ta zama da gwamnati don cinikin albashi. Reshe ne ke da wannan hurumi.

Rayuwar reshe ta yau da kullum tana hannun wakilin ma'aikata na kowane ofis. Ma'aikaci ne kamar kowa, yana da nasa tulin fayiloli, amma abokan aikinsa sun amince ya riƙa magana da yawunsu. Shi ne ke karɓar koke idan an saɓa wa yarjejeniyar aiki, shi ne ke raka wanda aka kira gaban shugabanni don tuhuma, shi ne kuma ke fara tarar sabon ma'aikaci da katin shiga ƙungiya. A Reshe na 371, waɗannan wakilai na haɗuwa a majalisar wakilai, inda ake tafka muhawara kan al'amuran reshen. Ga al'ada, mambobi ne ke zaɓen shugabanni, su ne ke kaɗa ƙuri'ar amincewa da sabuwar yarjejeniya ko watsi da ita, su ne kuma ke ba da izinin yajin aiki a inda doka ta yarda da shi.

Doka kuwa ba ɗaya ba ce a faɗin ƙasar. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935 ba ta haɗa da ma'aikatan gwamnati ba, don haka kowace jiha da nata tsarin. Wiskonsin ce ta fara ba ma'aikatan ƙananan hukumomi damar ciniki da gwamnati a 1959. Karolina ta Arewa kuwa ta haramta wa hukumominta ƙulla irin wannan yarjejeniya da kowace ƙungiya.

Me ya sa yawan fayil ya zama ƙashin bayan gwagwarmayar?

Ma'aikatan walwala na neman ƙarin albashi kamar kowa, amma abin da ya bambanta su shi ne yawan nanata batun adadin iyalan da ake ɗora wa mutum ɗaya. Lissafin a fili yake. Kowane fayil na nufin ziyarar gida, da rubuta rahoto, da zuwa kotu, da tuntuɓar makaranta ko asibiti. Idan fayiloli suka fi ƙarfin sa'o'in aiki, dole wata ziyarar ta faɗi, kuma ba wanda ya san a wane gida ne yaro ke cikin haɗari. Gajiya na sa wasu su ajiye aikin, a rarraba fayilolinsu ga waɗanda suka rage, kaya ya ƙara nauyi, wasu kuma su bi sahu. Ƙungiyar kare walwalar yara ta CWLA ta daɗe da ba da shawarar kada a ɗora wa ma'aikaci fiye da yara 12 zuwa 15 cikin waɗanda ke hannun masu riƙo.

Wannan ne ya haifar da yajin 1965. Matasan ma'aikata, da yawansu sababbin kammala jami'a a zamanin da fafutukar 'yancin baƙar fata ke tashe, sun ga Reshe na 371 ya yi sanyi, sai suka kafa tasu ƙungiya mai zaman kanta, SSEU, wadda ta doke tsohon reshen a zaɓen wakilci na 1964. Da yajin ya tashi, ƙungiyoyin biyu suka ajiye gaba suka fita tare. Buƙatunsu ba su tsaya kan aljihunsu ba, har da ƙayyade yawan fayil da sauƙaƙa wa masu karɓar tallafi samun kuɗin sutura. Hukumar birnin ta dage cewa waɗannan batutuwa ne na tafiyar da mulki, ba na ciniki ba.

A ƙarshe aka miƙa rikicin ga kwamitin bincike ƙarƙashin Charles Schottland na Jami'ar Brandeis. Ma'aikatan suka samu ƙarin albashi, da inshorar lafiya da birnin ke biya, da ƙa'idar fayil 60 ga kowane ma'aikaci. Tasirin yajin ya wuce sashen walwala. Shi da yajin ma'aikatan sufuri na kwana 12 a Janairun 1966 sun nuna cewa dokar kora ba ta aiwatuwa, domin babu gwamnatin da za ta iya maye gurbin dubban ma'aikata a dare ɗaya. A 1967 jihar ta maye gurbinta da Dokar Taylor, wadda ta amince da haƙƙin ciniki amma ta bar haramcin yajin aiki. Daga baya aka ƙara mata tarar albashin kwana biyu kan kowace ranar yaji. A wannan shekara ta 1967 ne kuma birnin ya yi dokar kafa ofishin sasanta cinikin ƙwadago.

Batun bai tsufa ba. A watan Mayun 2013, wani yaro ɗan shekara 8 ya rasu a Gundumar Los Anjalis sakamakon azabar mahaifiyarsa da saurayinta, alhali an sha kai rahoton halin da yake ciki ga hukumar kula da yara. A Disambar wannan shekara, ma'aikatan hukumar da ke ƙarƙashin Reshe na 721 suka yi yajin kwana shida, kuma yawan fayil ne babban dalilinsu. Gundumar ta amince da ɗaukar ɗaruruwan sababbin ma'aikata. A 2016 aka gurfanar da ma'aikata biyu da shugabanninsu biyu a kotu kan mutuwar yaron, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da tuhumar a 2020. Shari'ar ta raba kan jama'a: wasu na ganin sakaci ne da ya kamata a hukunta, wasu kuma na ganin an ɗora wa ƙananan ma'aikata laifin tsarin da ya gaza.

Hukuncin da ya sauya lissafi

Tun daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1977 a shari'ar Abood, jihohi na da damar barin ƙungiya ta cire wani kaso daga albashin ma'aikacin da ya ƙi zama mamba. Hujjar ita ce, doka ta wajabta wa ƙungiya wakiltar kowa a sashen, kuma duk ƙarin da ta samo kowa zai ci, don haka bai dace wani ya ci bulus ba. An dai hana amfani da wannan kaso wajen siyasa.

Wanda ya rusa wannan tsari ma'aikacin sashen walwala ne. Mark Janus, jami'in da ke bin kadin kuɗin ciyar da yara a gwamnatin jihar Ilinoi, ana cire masa kimanin dala 45 a wata zuwa asusun AFSCME. Ya ce ciniki da gwamnati kan albashi da fansho shi kansa siyasa ne, tunda kuɗin haraji ake magana a kai, don haka tilasta masa biya take 'yancinsa na faɗar albarkacin baki ne. A ranar 27 ga Yunin 2018, alƙalai biyar cikin tara suka goyi bayansa. Mai shari'a Samuel Alito ne ya rubuta hukuncin, Mai shari'a Elena Kagan kuma ta jagoranci huɗun da suka ƙi amincewa. A lokacin, jihohi fiye da 20 ne ke da wannan tsari na cire kaso.

Daga ranar, duk dalar da ta shiga asusun reshe sai da yardar mai ita, yayin da wajibcin yi wa kowa ciniki ke nan daram. Ma'aikaci na iya riƙe kuɗinsa, ya kuma ci moriyar ƙarin albashi. Idan masu wannan lissafi suka yawaita, asusu zai bushe, reshe ya raunana, yarjejeniya ta gaba ta lalace, wasu ma su ga babu amfanin biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An yi hasashen rugujewar ƙungiyoyin, amma hakan bai faru ba. Sun rasa kuɗin waɗanda dama ba mambobi ba ne, sai dai yawancin mambobi ba su fice ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka na 2024 sun nuna kashi 32.2 cikin ɗari na ma'aikatan gwamnati na cikin ƙungiya, yayin da a kamfanoni masu zaman kansu kashi 5.9 ne kacal. A ƙasa baki ɗaya kashi 9.9 ne, alhali a 1983 kashi 20.1 ne.

Dalilai biyu ne suka taimaka. Na farko, ƙungiyoyin sun hango hukuncin tun 2016, lokacin da kotun ta yi kunnen doki, huɗu da huɗu, a wata shari'a makamanciyarta bayan rasuwar Mai shari'a Antonin Scalia. Sai suka horar da dubban mambobi su bi abokan aikinsu ɗaya bayan ɗaya, su saurari damuwarsu, su sabunta katin zama mamba. Na biyu, jihohi irin su Kalifoniya da Niyok sun yi dokokin da suka ba ƙungiya damar ganawa da sabon ma'aikaci tun farkon kama aikinsa.

Iyakar abin da mambobi za su iya

Himmar mambobi ba ta maganin kowace cuta. A 2011, Gwamna Scott Walker ya sa hannu kan Doka ta 10 a Wiskonsin, jihar da AFSCME ta samo asali. Dokar ta taƙaita ciniki kan tushen albashi kawai, ta hana cire kuɗin ƙungiya daga albashi, ta kuma wajabta zaɓe duk shekara inda sai kashi 51 cikin ɗari na ɗaukacin ma'aikatan sashen sun amince, har waɗanda ba su fito zaɓe ba ana lissafa su. Dubban mutane sun mamaye ginin majalisar jihar na makonni, amma dokar ta wuce. Yawan 'yan ƙungiya a jihar ya faɗo daga kashi 14.2 a 2010 zuwa 8.3 a 2015. Inda aka ƙwace ikon ciniki kan yanayin aiki, da wuya a shawo kan ma'aikaci ya ci gaba da biya.

SSEU ma ta ɗanɗana kuɗarta. A 1967, ƙarƙashin Magajin Gari John Lindsay, ta sake ƙalubalantar birnin, wannan karon ita kaɗai. Bayan makonni ana ja-in-ja, ta koma aiki ba tare da biyan buƙata ba. A 1969 ta haɗe da tsohon reshen da ta taɓa kayarwa, aka samu SSEU Reshe na 371 da ke nan har yau. Zafin mambobi ya kawo nasarar farko, rashin abokan tafiya ya jawo faɗuwa ta biyu.

Akwai kuma nauyin da ke kan ma'aikacin walwala wanda ma'aikacin masana'anta ba ya ɗauke da shi. Idan ya ajiye aiki, ba mai jari ne ke fara jin jiki ba, talaka ne da yaron da ke jiran ziyara. Shi ya sa yajinsu ba ya samun goyon bayan jama'a sai sun gamsar da su cewa rage fayil kariya ce ga yaran, ba neman hutu ba. Wannan bayani kuwa ya fi shiga kunne daga bakin wanda ke ƙwanƙwasa ƙofofin gidaje kullum, fiye da takardar sanarwa daga hedikwata.

Matsalar da ta rage ita ce lokaci. Ma'aikacin da fayiloli suka danne shi ne ya fi buƙatar reshe, shi ne kuma ba shi da sukunin halartar taron yamma. Ga shi masu barin aikin na da yawa, wanda ke nufin kowace shekara sai wakilai sun sake fara bayani daga tushe ga sababbin fuskoki. Kafin 2018, reshe na iya yin barci kuɗi na shigowa. Yanzu kuwa, ofishin da ya rasa wakili mai himma na iya rasa mambobinsa a hankali, ba tare da yaji ko shari'a ko wata sabuwar doka ba.