Dillalan karɓo kuɗin inshorar bashi: darasi daga Ingila

Ɗan Gugaram da ke aikin uraniyom a Arlit, in ya ci bashin banki, galibi akan haɗa masa da inshora, wadda za ta biya in ya rasu ko ya nakasa.

A Ingila, bankuna sun daɗe suna liƙa wa jama'a irin wannan inshora, mai suna PPI, wasu ma ba da saninsu ba. Bayan hukuncin kotu na 2011, aka shiga mayar wa mutane kuɗinsu, har ya haura fam miliyar 38.

Nan take kamfanonin dillalai suka fito, wai za su karɓo wa mutane hakkinsu. Suka riƙa yankar kashi 25 ko 30 cikin ɗari, alhali kai kuka banki kyauta ne. Wanda banki ya riƙe diyyarsa a madadin tsohon bashi kuwa, la'ada daga aljihunsa ta fita. Sai a 2018 hukuma ta ƙayyade ta a kashi 20.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A karanta takarda kafin sa hannu. Mai kuka ya rubuta wa bankinsa da kansa, ya adana kwafi.