Baƙon Da Ke Juya Akalar Mai Masauki



Kowa ya san babu shiri tsakanin ɓera da kyanwa. Ko ɓeran da bai taɓa ganin kyanwa ba, da zarar ya ji warin fitsarinta sai ya ranta a na kare. Amma a shekarar 2000, masu bincike a Jami'ar Oxford da ke Ingila sun ba da rahoton wasu ɓeraye da suka daina gudun wannan wari, wasunsu ma har suna bin sa. Abin da ya raba su da sauran ɓeraye shi ne wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, mai suna Toxoplasma gondii, wadda ta yi masauki a ƙwaƙwalwarsu.

Me ya sa take yin haka? Ita wannan ƙwaya tana iya zama a jikin dabbobi da yawa, amma ba ta barbara sai a cikin hanjin kyanwa da danginta irin su zaki da damisa. Idan ta tsinci kanta a jikin ɓera, hanyarta ta komawa gida ita ce kyanwa ta cinye ɓeran. Shi ya sa take cire masa tsoro. A gandun dajin Masai Mara na ƙasar Kenya ma an ga irin haka: wani bincike da aka fitar a 2021 ya nuna 'ya'yan kura masu ɗauke da ita sun fi kusantar zaki, kuma sun fi mutuwa a hannunsa.

Masu sauraro, bari mu leƙa dazuzzukan ƙasar Tailan. A can akwai wani nau'in fumfuna da ke shiga jikin tururuwa. Bayan wasu kwanaki sai tururuwar ta bar 'yan'uwanta, ta hau wani ɗan tsiro kimanin santimita 25 daga ƙasa, inda laima da ɗumi suka dace da fumfunar. Wajen tsakar rana sai ta kafa baki a jijiyar ganye, ta riƙe gam har ta mutu. Daga nan wani tsinke ya tsiro ta ƙeyarta, ya riƙa zubo iri a kan tururuwan da ke wucewa a ƙasa. A 2017 David Hughes da abokan aikinsa na Amurka suka gano cewa fumfunar ba ta ma shiga ƙwaƙwalwa. Tsokokin jiki take mamayewa.

Kada wani ya ɗauka labarin dajin nesa ne kawai. Dattawanmu sun san kurkunu. Mutum zai sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan halittu da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Shekara guda ba ya jin komai, ita kuwa tana girma a jikinsa har tsawonta ya kai kusan mita ɗaya. Idan lokacin haihuwarta ya yi, sai ta gangaro ƙafa, ta tayar da bororo mai raɗaɗi na fitar hankali. Wanda ƙafarsa ke ƙuna, ina zai nufa in ba ruwa ba? Yana tsoma ƙafar a tafki, tsutsar za ta saki dubban 'ya'ya a cikin ruwan da duk gari ke sha. Ba ta taɓa ƙwaƙwalwarsa ba, da zafi kawai ta kai shi inda take so.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da kurkunu duk shekara a Afirka da Asiya. A Nijeriya kaɗai, ƙidayar da aka fara a 1988 ta samu sama da mutum 650,000. Babu allurar rigakafinsa, babu ƙwayar magani. Da aka gane dabarar tsutsar, sai aka toshe mata hanya: a tace ruwa da ƙyalle, a haƙa rijiyoyin burtsatse, a hana mai ciwon shiga tafki. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun tsaya tsayin daka a wannan yaƙi, tare da dubban 'yan sa-kai a ƙauyuka. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an raba Nijeriya da Nijar da kurkunu, Ghana ta biyo baya a 2015. A 2023, mutum 14 kacal suka kamu a duk duniya, akasarinsu a Chadi.

Sauran masu irin wannan dabara suna nan tare da mu. A yammacin Kenya, wani gwaji na 2005 ya nuna yaran da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta kai matakin yaɗuwa a jininsu suna jawo sauro kusan ninki biyu na sauran yara. Ciwon haukan kare kuwa ƙwaƙwalwa yake hawa, ya cika bakin kare da yawu mai cuta, sannan ya tunzura shi ya yi cizo. Yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara.

To jama'a, nasarar da aka samu a kan kurkunu ta nuna mana mafita. Mai zazzaɓi ya sha magani ya kuma kwana cikin gidan sauro, domin ya kare iyalinsa. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, kada ya jira alama. Mai juna biyu ta guji kwashe kashin kyanwa, ta dafa nama sosai, ta wanke ganye, don Toxoplasma na iya illata ɗan tayi. Ku isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su ji ba.