Barkonon Fesawa A Jakar 'Yarka: Kariya Ce Ko Hanyar Kurkuku?

A kwanakin nan da wuya ka sami unguwar da ba ta da ɗa ko 'ya a ƙasar waje. Waɗansu sun tafi karatu, waɗansu aikin jinya, waɗansu kuwa aikin lura da tsofaffi. Da yawa cikinsu Ingila suka nufa. A can kuwa, cikin watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta fāɗi a birnin London. Yarinyar da ta tashi daga aiki ƙarfe goma na dare tilas ta bi hanya cikin duhu da sanyi, ita kaɗai. Kowace uwa ta ji wannan, dole hankalinta ya tashi.

A ce 'yarka ce. A ce kuma wata 'yar'uwarta da ke zaune a Amurka ta ce mata, "Kada ki damu, zan aiko miki da barkonon fesawa ki sa a jaka. Nan kowa yana da shi." Kai uba, me za ka ce? Yawancinmu za mu ce madalla, an yi zumunci. Amma ya mai karatu, dakata tukuna. Wannan kyauta tana iya kai 'yarka gaban alƙali.

Mene ne barkonon fesawa?

Wani ɗan gwangwani ne, tsawonsa bai wuce yatsa ko tafin hannu ba. A cikinsa akwai ruwan da aka tatso daga barkono, watau ainihin abin nan da ke sa barkono yaji. In aka fesa wa mutum a fuska, idanunsa za su rufe, hawaye da majina su zubo, tari ya sarƙe shi. Zafin yakan kai rabin awa ko fiye kafin ya lafa. Ba ɗaya yake da barkonon tsohuwa da 'yan sanda ke harbawa cikin taro ba, ko da yake aikinsu ya yi kama. A Amurka, tun cikin shekarun 1960 masu raba wasiƙu na gidan waya suke riƙe shi saboda karnuka masu cizo. Daga baya 'yan sanda suka ɗauka, sa'an nan ya shiga kantuna.

Abin da dokar Ingila ta ce

A Ingila da Wales da Scotland, dokar bindigogi ta 1968 ce take hukunta wannan abu. Sashi na 5 na dokar ya jera makaman da aka haramta wa talakawa ɗungum, a cikinsu kuwa har da kowane makamin da aka yi domin fesa ruwa ko iska mai cutarwa. Barkonon fesawa ya faɗa cikin wannan. Watau sashin da ya haramta bindiga mai sarrafa kanta, shi ne ya haramta ɗan gwangwanin nan. Haram ne a saya, haram ne a sayar, haram ne a riƙe a hanya, har ajiye shi cikin ɗaki ma laifi ne. Hukunci mafi tsanani yana iya kai shekara 10 a kurkuku. Ba kowa ake yi wa wannan ba, gama alƙali yakan duba yadda abin ya faru, amma ko tara aka ci mutum, sunansa ya shiga littafin masu laifi.

Nan ne baƙo ya fi ɗan ƙasa hasara. Ɗan ƙasa in ya gama horonsa, gida zai koma. Baƙo kuwa da biza yake zaune. Dokar iyakokin ƙasar ta 2007 ta ce baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, a bisa ƙa'ida korarsa za a yi daga ƙasar. Ko hukuncin bai kai haka ba, sa'ad da za a sabunta biza, ko a nemi aikin jinya ko na lura da yara da tsofaffi, sai an bincika ko mutum ya taɓa yin laifi. Dubi kuɗin da iyali suka tara, wataƙila har gona aka sayar, duka su tafi saboda abin da bai fi kwalbar turare girma ba.

Kada kuma a ce za a saya ta intanet daga wata ƙasa. Ma'aikatan kan iyaka suna kama irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe, kuma wanda sunansa ke jikin ƙunshin shi za a tambaya.

Wata za ta ce, "To, ni sai in daka yajina na gida in ƙulle a leda." Wannan ma ba mafita ba ce. Akwai wata doka ta 1953 wadda ta hana fita da kowane abu da niyyar ji wa mutum ciwo da shi. Yaji a tukunya abinci ne. Yaji a aljihu, in ka ce wa ɗan sanda don idon ɓarawo ka riƙe shi, ya zama makami da bakinka.

Bayan kisan Sarah Everard a London cikin Maris 2021, mata da yawa sun sa hannu a takardun roƙo ga majalisa domin a halatta barkonon fesawa. Gwamnati ba ta yarda ba. Hujjarta ita ce, abin da aka ba mai kare kansa, mugu ma zai saya, kuma ana iya ƙwace shi a juya wa mai shi.

Kowane gari da irin dokarsa

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ƙasashen nan ba bakinsu ɗaya ba. A Amurka an halatta shi a dukan jihohi 50, sai dai kowace jiha da sharuɗanta. A Kalifoniya, alal misali, gwangwanin kada ya wuce oza biyu da rabi. Amma da ka ƙetare iyaka zuwa Kanada, riƙe shi domin fesa wa mutum laifi ne. Abin da aka yarda da shi a can shi ne wanda masu shiga daji ke riƙewa saboda namun daji.

A Jamus ana sayar da wanda aka rubuta a jikinsa cewa na korar dabbobi ne, ana kuma iya yawo da shi, amma ba a shiga taron zanga-zanga da shi. Maƙwabtanta Holand da Beljiyam sun haramta shi. A Faransa babba yana iya sayen ƙarami wanda bai wuce mililita 100 ba, amma fita da shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Daga Paris zuwa London a jirgin ƙasa bai kai awa uku ba. Abin da ka saya a kanti da safe da rasit ɗinka, kafin azahar ya zama haramtaccen makami a jakarka.

Ga wani abin da ya faru a Denmark cikin Janairu 2016. Wata yarinya mai shekara 17 a garin Sonderborg ta kai ƙara wurin 'yan sanda cewa wani mutum ya kā da ita da dare yana neman yi mata fyaɗe, ta fesa masa barkono ya gudu. 'Yan sanda suka karɓi ƙararta, amma suka ce ita ma za a tuhume ta, gama riƙe barkonon ya saɓa wa doka. Mutane da yawa sun ji haushi ƙwarai. Duk da haka darasin a fili yake: kasancewarka mai gaskiya a faɗan ba ya wanke ka daga laifin riƙe abin.

Game da jirgin sama kuma, ba a shiga da shi cikin jakar hannu ko kaɗan, yawancin kamfanonin jirage ma ba su yarda a sa shi cikin babban akwati ba.

To, da me za ta kare kanta?

Dokar Ingila ba ta ce mutum ya naɗe hannu a cuce shi ba. Ta yarda wanda aka auka wa ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado, har da abin da hannunsa ya kai gare shi a lokacin, kamar laima ko jaka. Abin da ta ƙi shi ne fita da makami tun daga gida.

Abin da 'yan sandan ƙasar suke ba da shawara a riƙe shi ne 'yar ƙararrawar aljihu. In aka ja igiyarta takan yi ƙara mai tsanani wadda ke firgita mugu ta kuma jawo mutane. Ba ta da tsada, jami'o'i da yawa ma kyauta suke ba ɗalibai. Lambar gaggawa ita ce 999. In mutum yana cikin hatsari har ba ya iya magana, ya kira ta wayar hannu, ya saurari abin da aka ce, sa'an nan ya danna 55, za a haɗa shi da 'yan sanda. Lambar 112 kuwa tana aiki a Ingila da dukan ƙasashen Tarayyar Turai. Ban da wannan, sai dabarun da kakanninmu suka sani: a bi hanya mai haske da jama'a, a tafi bibbiyu in ya yiwu, a kuma gaya wa wani lokacin da za a iso gida.

Shawara ga iyaye

Kafin ɗanka ko 'yarka su tashi, ku zauna ku yi wannan magana. Ka ce su tambayi 'yan sandan garin da za su zauna, ko ofishin da ke lura da ɗalibai baƙi, abin da aka yarda a riƙe. Kada su dogara ga maganar aboki da ke wata ƙasa, ko ga cewa sun ga ana tallarsa. In kuwa akwai wanda ya riga ya shigo da shi Ingila cikin rashin sani, kada ya fita da shi. Ya kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ya tambayi yadda zai miƙa shi.

Ku kuma masu aika saƙo, ku aika da kilishi in an yarda, ku aika da atamfa, amma ban da wannan. Tsoron da uwa ke ji domin 'yarta gaskiya ne, ba wanda zai raina shi. Sai dai rigakafin da zai raba yarinya da karatunta da aikinta ba rigakafi ba ne. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, baƙo kuwa ya fi kowa bukatar tambaya.