Wuƙar bakin shaho: tsakanin mai aiki da mai tarawa

A cikin wuƙaƙen aljihu masu naɗewa akwai wadda bakinta ya lanƙwaso ƙasa, tsininta ya yi ƙugiya, kaifin kuma yana ta cikin lanƙwasar. Ita ce bakin shaho. Duk wanda ya taɓa riƙe lauje ya san yadda take cin abu: ba a tura ta, jawo ta ake yi, ƙugiyar ta cafke reshe ko igiya ta hana su sulɓewa.

Asalinta aikin lambu ne. Tun zamanin Rumawa manoman inabi ke datse rassa da wuƙa mai lanƙwasa, daga baya maƙeran Sheffield a Ingila suka yi suna wajen ƙera masu naɗewa. Kamfanin Opinel na Faransa, wanda ya faro a 1890, har gobe yana yin irinta. A Amurka kuwa sai ta faɗa hannun masu aikin lantarki suna feɗe robar waya da ita, da masu shimfiɗa kafet.

A nan ne masu tara tsofaffin wuƙaƙe suke shan wuya. Wuƙar ma'aikaci ce, kullum tana kan dutsen washi, kuma tsinin ne yake fara cinyewa. Sai ka ga tsohuwa mai kyakkyawan mariƙi na ƙashi, ka buɗe ta ka tarar bakin ya zama guntu. Shi ya sa gwani tsinin yake fara dubawa, sannan ya buɗe ya rufe ya ji ko har yanzu tana yin ƙas, sai kuma tambarin da ke gindin ƙarfen. Kamfanin Case da ke Bradford a jihar Pennsylvania ya sauƙaƙa wa masu tarawa gane shekarar ƙira: a 1970 ya sa ɗigo 10 a tambarinsa, yana cire ɗaya duk shekara, don haka a irin wannan tambarin mai ɗigo 7 ta 1973 ce. Na kamfanonin Schrade da Camillus ma ana nemansu, tunda tsofaffin masana'antunsu sun rufe a 2004 da 2007.

Abin da ba na goyon baya shi ne goge tsohuwar wuƙa da inji har ta yi ƙyalli. Ƙarfen da, musamman in ya sha ruwan itace, yakan yi duhu, kuma wannan duhun ba tsatsa ba ce. Mai gogewa yakan tafi da tambarin, ya tafi da darajar wuƙar. Ɗan mai da tsumma sun isa.

Mai son aiki da ita ya nemi mawashi mai siffar sanda, domin shimfiɗaɗɗen dutse ba ya shiga lanƙwasar. Kada kuma ya sa ran yanka albasa a kan katako, tsinin ne zai taɓa ƙasa, cikin wuƙar yana sama.