Tabo A Sabon Haƙori: Kafin Mu Ɗauko Gawayi

Dukkanmu mun san lokacin famfara. Yaro ya wuni yana girgiza haƙori da harshe, ranar da ya cire kuma a ce ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. A gidanmu, da sabon haƙorin autarmu ya fito tana shekara 7, murnar ba ta daɗe ba. A tsakiyarsa akwai tabo fari kamar alli, gefensa kuma ruwan ƙasa. Mu yayyenta muka yanke hukunci nan take cewa ƙazanta ce. Muka daka gawayi, muka haɗa da gishiri, muka yi ta dirza har dasashinta ya yi jini. Tabon ko gezau. Yarinyar ce ta sauya: ta daina dariya cikin mutane, in za ta yi magana sai ta kare baki da gefen hijabi, domin 'yan ajinsu sun laƙaba mata suna.

Sai da muka kai ta wurin likitan haƙori muka gane mun yi aikin banza, har da ɓarna. Haƙorin girma ba ranar da ya ɓullo aka fara gina shi ba. Tun yaro yana goye yake ginuwa a cikin muƙamuƙi, ƙarƙashin haƙoran yarinta guda 20, kafin ya fara leƙowa wajen shekara 6. Duk abin da ya taɓa wannan gini a waɗancan shekarun yana iya barin shaida a cikin ɓawon haƙorin. Tabon da ke ciki kuwa, buroshi ba ya kai masa.

Da farko mu cire wanda ba ciwo ba ne. Sabon haƙori yakan fi na yarinta rawaya, kuma idan suna jere da juna bambancin sai ya fito fili. Haka halittarsa take. In launin ya game haƙorin bai ɗaya, ba ɗigo ba rami, a ƙyale shi.

Na autarmu, tambayar farko da likita ta yi ita ce ko ta taɓa faɗuwa tana ƙarama. Sai mahaifiyarmu ta tuna ranar da ta faɗi a bakin dandamali tana shekara 2, haƙorinta na gaba ya bugu. Wannan bugun ne ya taɓa sabon da ke kwance a ƙarƙashi. Ruɓewar haƙorin yarinta har ya tara mugunya ma tana yin irin wannan illa, shi ya sa maganar "ai zai faɗi, ƙyale shi" take da haɗari. Ana kuma danganta wani nau'in tabon da yawan rashin lafiya da zazzaɓi mai zafi a farkon rayuwa. Shi yakan kama turame na farko da haƙoran gaba, ya bar su da rauni, suna tsami in an sha ruwan sanyi.

Idan kuwa haƙora da yawa ne suka fito da zane-zanen fari ko ruwan ƙasa, hagu da dama, kuma yaran unguwa da dama haka suke, a tuhumi ruwan sha. Sinadarin fuloraid kaɗan yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma in ya yi yawa a ruwan da yaro ke sha kafin ya kai kamar shekara 8, sai ya ɓata launin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin kowace lita. An san wannan matsala a yankin Langtang da Kaltungo, a Tibiri ta jihar Maraɗi kuwa ruwan rijiyar burtsatse har ƙasusuwan yara ya lanƙwasa. Tafasa ruwa ba ya cire fuloraid. Sai dai a gwada ruwan, a sauya wa ƙananan yara inda ake ɗebo musu.

Akwai wanda mu da kanmu ake aika mu saye. Kafso ɗin nan ja da yalo, wato tetirasaikilin, da ake ɓarewa a ba yaro idan yana gudawa, yana shiga haƙorin da ke ginuwa ya rina shi rawaya, daga baya ya koma toka-toka ko ruwan ƙasa har abada. Don haka ake guje wa ba da shi ga mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 8 ba. In an aike mu kemis, ba rashin kunya ba ne mu tambayi wa za a ba.

Tabon da ke waje shi ne mai sauƙi: na shayi, na goro, na maganin ƙarin jini, ko na dattin da ya taru. Likita na wanke shi a zama ɗaya. Kakanninmu mata ma da gangan suke rina nasu da fure da goro, kuma a lokacin ado ne.

Ga wanda bai kamata a jira ba. Haƙori guda da ya fara yin duhu bayan yaro ya bugu a filin ƙwallo, ko tabon da ya zama rami, ko ciwo, ko kumburin dasashi. Wannan a tafi asibiti cikin makon nan. Manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa suna da sashen haƙori.

A gida kuwa, gawayi da toka da lemon tsami duk cinye ɓawon haƙori suke yi, shi kuma ba ya sake tsirowa. Yana sirancewa rawayar da ke ƙarƙashinsa take ƙara fitowa. Buroshi mai laushi ya isa, safe da dare, da man da bai wuce ƙwayar wake ba ga ƙananan yara, a tsaya a kansu su tofar kada su haɗiye.

Autarmu an shafa mata maganin ƙarfafa ɓawon, aka ce mu dawo bayan wata shida. In ta ƙara girma za a iya rufe wurin da wani abu mai launin haƙori. Sunan da aka sa mata a makaranta ya fi tabon wuyar fita, sai da babbar yayarmu ta je ta ga malamar ajinsu.