Ƙullutun fatar ido marar zafi: yadda za a kula da shi a gida

A Mai Wurno, garin da ke bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira, ƙura da ƙudaje ba baƙi ba ne. Ido ne ke fara shan wahalarsu, kuma tun ɓarkewar yaƙi a Afrilu 2023 ganin likitan ido ya ƙara wuya.

Wanda aka fi gani shi ne ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar dawa a cikin fatar ido. Ba hazbiya ba ce, domin hazbiya tana ja tana zogi. Wannan kuwa 'yar kafar da ke fitar da maiƙon hawaye ce ta toshe, maiƙon ya daskare. Sai a tafasa ruwa, a bari ya huce har ya zama mai ɗumi, a tsoma ƙyalle mai tsabta a gasa idon a rufe na minti 10, sau 3 ko 4 a rana, sannan a murza a hankali zuwa wajen gashin ido. Yawanci yakan baje cikin makonni kaɗan. Kada a matse shi, kada a kai wa wanzami ya tsaga. A dakata da kwalli har ya warke. Kwalli dai yana da asali a Sunna, amma tsinke ɗaya ga dukan gida hanyar yaɗa cuta ce.

Rashin zafi kan yaudari iyaye. Amodari yakan fara a yara da ƙananan ƙuraje a ƙarƙashin fatar ido ta sama, inda ba a gani sai an juya ta, tare da kwantsa da ƙaiƙayi. In ya yi ta maimaituwa, bayan shekaru gashin ido yakan juya ciki ya riƙa kankare idon har ya makance. Wanke fuskar yaro kullum da maganin azithromycin daga ma'aikacin lafiya su ne garkuwa.

Dattijo kuwa, in ƙullutu ya dawo a wuri ɗaya, ko ya yi jini, ko gashin idon wurin ya zube, to a nemi hanyar kai shi asibiti a Wad Madani ko Sinnar ba da jinkiri ba, domin wani lokaci sankara ce ke fara bayyana haka.